Bahagon Gidimuni

Rahama ta tsuguna za ta shafa kan wani ɗan maraƙi, sai hannunta ya faɗa kan dangwalin da aka ɗaure maruƙan a jere. Igiyar kaba ce sabuwa fil, ko datti ba ta yi ba. Amma tufkar ta juya hagu, kuma an naɗe bakinta an cusa ciki maimakon a ƙulle. Mutum ɗaya ta sani a duniya mai gama igiya haka.

Da ƙungiyar mata masu kiwo ta zo daga Katsina, a ga yadda mutanen Damagaram ke turka dabbobi da yin cuku. Tun da suka kwana a Zango matan nan ba abin da suka sa gaba sai cinikin turare, yau kuma a Gidimuni dabino ya ɗauke musu hankali. Mai garken, Malam Nomau, yana ta bayanin harawa, ba mai jin sa sai ita.

Mijinta na fari, Ado, bahago ne. Shekarun baya ɓarayin daji suka kore shanunsu, suka tasa shi gaba tare da su. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Ta jira har jiran ya zama abin magana a gari, sannan alƙali ya yanke, ta yi takaba. Yanzu matar Safiyanu ce, mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba, ga kuma cikinsa da take ɗauke da shi ya fara motsi.

Ta tambayi Malam Nomau wa ke yi masa igiya, tana ƙoƙarin kada muryarta ta tona ta. Ya yi dariya, ya ce ai wani bawan Allah ne da ya tsinta a kasuwar shanu yana bin garken da ba nasa ba, ƙafa duk ta fashe. Daga kudu yake, harshensa ya nuna. Ba ya faɗin sunansa, kamar ma bai riƙe shi ba, don haka suke ce masa Bahago.

"Ba ya ɓarna, madam," in ji shi. "Sai dai kullum da magariba ya kan tsaya bakin tafki yana duban hanya. In an tambaye shi, sai ya ce ana jiran sa a gida, amma bai san ina ne gidan ba."

Rahama ta dafa turke. Bahagwai suna da yawa a duniya, ta faɗa wa kanta, kuma igiya igiya ce. Tsoro ne ya kama ta, ba na kada ya zama wani ba, na kada ya zama shi.

Malam Nomau ya ce in za ta ɗan dakata ma za ta gan shi, yanzu zai koro shanun daga kiwo, ta sayi igiyar a hannunsa ta kai tsaraba. Daidai nan direba ya danna oda, yana cewa dole a isa Damagaram kafin duhu. Hasana, ƙawarta, ta jawo hannunta tana mitar ba ta sayi ko dabino ɗaya ba.

Ta shiga mota ta zauna a jikin taga. Motar ta ƙi tashi da farko, direba ya sauka yana duba inji. Daga bayan gonakin rake ƙahoni suka fara bayyana, farare, a hankali, kuma can ƙarshensu wani yana yi wa shanun fito da baki, gajere sannan dogo, irin fiton da ta sani. Ɗan da ke cikinta ya juya.

"Hasana, mu yi canjin wuri," ta ce. "Rana tana duka na."

Hasana ta dubi tagar, ta dube ta. Ranar tana can ɗaya gefen motar. Sai ta tashi ta ba ta wurin.