Mai Jar Mota

Shekara goma sha bakwai ke nan ina sayar da na'urorin gem a Birnin Ƙonni, kuma har yau maƙwabcina Inusa mai sayar da wayoyi bai gaji da yi mini tsiya ba. Tambayarsa ɗaya ce kullum: me ya hana kamfanin farar na'ura mutuwa? Mu nan ba mu wahalar da harshenmu da sunayen kamfanoni, Fara da Baƙa muke cewa. Baƙa ce ta cika gidajen gem na samari, hotonta har gumin ɗan ƙwallo kana gani. Fara kuwa hotunan wasan yara ne, zomo da akuya na tuƙa ƙananan motoci masu ƙatan tayoyi. Amma shekara da shekaru ita magidanta ke saye, daga Malbaza, daga Illela, har malaman lakwal, wato makarantun boko, na ƙauye.

Ina ba shi amsar 'yan kasuwa: ba ta da tsada, tana jure zafinmu, mutum huɗu na iya wasa lokaci guda. Duk gaskiya ne. Amsar da ke raina ce ban taɓa ba shi ba, don bakin Inusa ba ya riƙe magana.

Ni Ɗahiru, ɗan fari ne a gidanmu. Kowa ya san kunyar ɗan fari, amma mahaifina, Alhaji Hamani direba, ya riƙe ta fiye da kowa a unguwa. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba. In yana son wani abu wurina sai ya kira ƙanwata Raihanatu, 'yar autarmu, ko da ina tsaye gabansa, ya ce, "Hwaɗa ma wancan shi kai buhun nan tasha." Ba ƙiyayya ba ce, na sani. Kuɗin lakwal ɗina bai taɓa yin latti ba, kuma shi ya kafa mini shago. Amma na kai shekara ashirin da takwas ban san yadda hira da ubana take ba, kuma abin yana ci mini rai.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗaukar fasinja tsakanin Ƙonni da Tawa, bai taɓa kifar da mota ba. Sai hawan jini ya kama shi, ƙafar hagu ta mutu, likita ya ce shi da tuƙi sun rabu. Ya koma zama ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, ba magana, fura ma sai an yi da gaske yake sha. Na ga yana ramewa a idona, tsoro ya kama ni: mutumin nan zai tafi ban taɓa jin ya yi mini magana ni da kaina ba.

Sai na yi wautar mai kaya. Na ce ai uba sai babbar na'ura, na ɗauko Baƙa sabuwa fil, na haɗa ta da tele, wato talabijin, a rumfa, na sa tseren motoci. Raihanatu ta miƙa masa abin riƙewar, wanda muke kira manet. Maɓallai sun fi goma a jikinsa, kowanne da aikinsa. Kwanar farko motarsa ta daki katanga, gilas ya tarwatse, hayaƙi ya tashi, sak haɗarin gaske. Jikokinsa, 'ya'yan ƙanena, suka fashe da dariya. Ya ajiye manet a hankali, ya jawo sandarsa ya shiga ɗaki. Kwana uku bai fito rumfa ba. Ni kuwa na ji kamar in nutse cikin ƙasa, don ni na kunyata shi a gaban yara.

Na kwashe Baƙa na mayar shago. Fara kuma don yaran na kawo ta, su daina bi na da roƙo. Manet ɗinta ana cusa shi ne cikin wani ɗan sitiyari na roba, ka karkata hagu mota ta yi hagu, maɓalli ɗaya ka danna ta yi gaba. Kowace Juma'a bayan masallaci nakan zo mu yi wasa da Raihanatu da yaran, ni kullum jar mota nake ɗauka. Baba yana can gefe kan tabarmarsa da carbi, wai shi ba ya kallo.

Wata Juma'a Raihanatu, da yake 'yar auta ba ta tsoron kowa, ta ɗora masa sitiyarinta a cinya ana tsakiyar tsere.

"Baba, riƙe mini, tukunyata na ƙonewa," ta ce, ta wuce kicin.

Ba wata tukunya da ke kan wuta. Na ƙura wa tele ido. Motar Raihanatu ta yi tsaye jim kaɗan, can sai ta motsa. Ta faɗa rami, aka tsamo ta aka dire kan hanya lafiya lau, ba hayaƙi, ba fashewar gilas. A nan na lura da abin da ban taɓa kula da shi ba duk sayar da ita da nake yi: wasan nan yana tausayin na baya. Wanda ke gaba ba ya samun komai, na ƙarshe kuwa sai a ba shi abin da zai ƙara masa gudu ya kamo sauran. Baba ya zo na uku cikin mu huɗu, kuma ba wanda ya yi masa sassauci, balle ya ji an raina shi.

Zagaye na biyu na shiga wata kwana da gudu, na yi waje. Sai na ji muryarsa, idonsa na kan tele.

"Kai mai jar mota, mi kake ma gaggawa? Ba a shiga kwana da wuta. Sassauta tun kahin, in ka hito ka ba ta."

Yaran ba su ma ji ba. Ni kam na ji. Na amsa wa tele, "To, an ji."

Daga ranar Juma'a ta zama Juma'a. Ya koma cin tuwo, ya sa aka yi masa aski, har ya fara aika Raihanatu ta tambayi wancan ko zai zo da wuri. In an kunna na'ura bakinsa ya buɗe. Mai jar mota ya sha zagi a kan tuƙi, ya sha tsiya in zomon Baba ya wuce shi. Sannu a hankali maganar ta bar kan hanya. "Mai jar mota, an ce kaya sun yi tsada can iyaka?" "Mai jar mota, yaushe za ka yi ma shagon nan rumhwa?" Duk tele yake kallo, ni ma tele nake ba amsa. Hajiya, mahaifiyata, takan wuce da ƙwarya ta yi kamar kurma. Na yi farin ciki, ba zan ɓoye ba. Amma da an kashe tele sai bakinsa ya rufe, in tashi in ba shi wuri, in koma wancan. Da motar yake magana, ni kuma ina son ko sau ɗaya ne ya zama da ni.

Wata Juma'a cikin damina hadari ya haɗo da la'asar, aka ɗauke wuta muna zagaye na ƙarshe. Tele ta yi baƙi. Yaran suka ruga waje tarar ruwa, Raihanatu ta tafi kwashe shanya. Na ajiye sitiyari na yunƙura zan tashi kamar yadda na saba.

"Zamna," in ji Baba.

Na dubi tele, babu kowace mota a ciki. Na zauna.

Ya daɗe yana juya sitiyarin robar nan a hannunsa, iska na kaɗa zanan rumfa. Sannan ya fara magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ranad da anka haihe ka ina Tawa, mota ta lalace, kwana shidda muna jiran kayan gyara. Wani direba ya kawo mini labari. Ni na zaɓi sunan, na aiko ma liman da shi. Ana gobe suna mota ta tashi. Hwasinja sun cika tasha, na ce ba ni ɗaukar kowa. Mutane sunka ce Hamani ya zare, wa ke zuwa Ƙonni da mota wayam."

Ruwa ya fara sauka kan kwanon ɗaki. Ina tsoron in motsa ya yi shiru.

"So nike in kasance ni ɗai cikin mota," ya ce. "Tun daga gangaren Badagishiri nike kiran sunan nan da ƙarhi, ina maimaitawa, har na shigo tashar Ƙonni. Na san in na taka gida shi ke nan, ba ni ƙara hwaɗinai."

Ya juyo ya dube ni, ni kaina, ido cikin ido. Hawaye suka zubo mini, ban share ba, shi ma bai ce in share ba. Muka zauna tabarma ɗaya har ruwan ya tsaya.

Da rani ya shigo Allah Ya yi masa rasuwa.