Rawa Cikin Takaba

Ni da bakina na kai wa Inna maganar, kuma har gobe in na tuna sai in ji kamar in ciji yatsa.

Ranar ƙaramar Sallah ce, bayan la'asar, muna gidan Ladi maƙwabciyarmu nan Barmu, mata sun cika rumfa ana kallon tele. Anka sako sabuwar waƙa, sai ga Nusaiba, matar ƙanena Muktari, cikin telen, tsaye bakin rijiya. Lalle har gwiwar hannu, kwalli ya sha ido, tana juyi tana dariya, haƙora duk a waje. Ran nan kwanan Muktari hamsin da biyu cikin ƙasa. Mota ce ta kwashe shi da babur ɗinsa bisa hanyar Kalfu, ya ɗauko fasinja, ko shurawa bai yi ba.

Wata tsohuwa ta kama salati, Ladi ta rufe baki da gefen zane tana satar kallona. Ni kam ban ko tsaya waƙar ta kai rabi ba, na suri takalmina a hannu na fice. Mace tana takaba, wadda ko ɗan kunne ba ta sa wa, ita ce ke karkaɗa kafaɗa gaban duniya!

Dama can Inna Tanna, uwarmu, ba ta so auren ba. Mawaƙiya ce Nusaiba, tana fitowa kuma cikin wani wasan tele da ake nunawa duk Lahadi, rannan ita ce likita, gobe ita ce mai tallar fura. Muktari ne ya kafe, shi ne auta, Inna ta bar shi. Da na faɗa mata abin da na gani, ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi in shirya, da safe za mu birnin Tawa, gidan Muktari, mu ɗauko Hawa. Hawa ita ce ɗiyar Muktari, shekararta uku, ita kaɗai ya bari. Inna ta rantse jikarta ba ta ƙara kwana hannun wadda ta taka rawa bisa kabarin ɗanta.

Motar farko munka shiga. Duk hanya ina tsara zagin da zan yi, wani ma na maimaita shi sau uku don ya zauna. Munka iske Nusaiba tsakar gida bisa tabarma, zane ɗaya kodaɗɗe, tana tsintar wake. Ta rame ƙwarai, ƙashin wuya a fili. Ta taso ta durƙusa za ta gaida Inna, Inna ta kau da kai. Ni na buɗe wuta. Abin da na ce mata ba zan maimaita shi ba, amma maƙwabta sai da sunka leƙo ta katanga.

Sai da na gaji ta samu bakin magana. Ta ce ita ƙafarta ba ta taka ƙofar gida ba tun ranar da anka kai Muktari kabari. Waƙar tun damina anka ɗauke ta, a wani ƙauye bayan Kalfu. Issouf, mai shirya musu aikin, shi ya aje ta, wai haka sana'ar take: a ɗauka wata bakwai ko takwas kafin lokaci, a riƙe sai Sallah, lokacin da kowa ke gaban tele. Ta ce ta aika masa ya dakata har ta fita takaba, ya ce ya riga ya ba tashar. Ita ko ganin abin ba ta yi ba tun da anka haɗa shi.

Inna ta ce ƙarya ce. Ita abin da ta sani, gwamna in ya yi jawabi da safe, da marece ake nuna shi, kuma masallacin Idi da anka nuna jiya, jiya anka yi sallar. To ta ƙaƙa rawar jiya za ta zama ta bara? Ni ma, Allah ya gafarta mini, na ce ai har mai gabatarwa ya faɗa, sabuwa fil. Na shiga ɗaki na tattara 'yan kayan Hawa cikin ɗankwali, na ɗauko yarinyar tana barci na saɓa ta a baya na ɗaure.

Nusaiba ba ta kama ni da kokawa ba. Wayarta ta ɗauko, ta nemo waƙar, an riga an watsa ta ko'ina. Ta miƙo mini.

"Yaya Raƙiya, don Allah kada ki dube ni. Dubi bayana."

Na duba. Gero ne bayanta, kore shar, ya fi mutum tsawo, har ya fara fidda kai. Mu kuwa muna cikin bazara, ƙasa kamar an soya, akuyoyi na cin takarda. Ni da na tashi cikin gona, na yi kallon kusan rabin waƙa ban ga geron nan ba, lallen kawai na gani. Na nuna wa Inna. Amma Inna ta ce 'yan fim ai mutane ne da ke sa gawa ta tashi ta ci tuwo, gero kore wani abu ne gare su? Ta ce in wuce mu tahi.

Wayar na hannuna, waƙar ba ta tsaya ba, ta wuce inda na baro ta jiya. Sai ga wani namiji ya shigo cikin hoton, baya ya ba mu, yana jan guga. Ya juye ruwa cikin ƙwarya ya miƙa wa Nusaiba. Inna da ta kai bakin zaure ta waiwayo za ta tsawata mini, idonta ya faɗa kan wayar. Na ga ta dafa bango.

"Ke, kawo nan," in ji ta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ce ta fari.

Hannun da ke riƙe da ƙwaryar yana da tabo daga babban yatsa zuwa wuyan hannu. Lauje ya yi masa shi yana ɗan shekara tara, Inna ce ta ɗaure shi da tsumma. Muna cikin kallon tabon mutumin ya juyo. Muktari ne. Rigarsa ta kabu-kabu, ta masu haya da babur, hular nan da ta sha rana, yana dariya da gefen baki irin wadda yake yi in ya ji kunya.

Na zube nan ƙasa da goyo a baya. Nusaiba ta saki wani irin kuka da ban taɓa jin irinsa ba. Daga baya take gaya mana, shi ya goyo mai kamera bisa babur ran nan, wanda zai fito saurayi cikin waƙar bai zo ba, Issouf ya lallaɓe shi ya tsaya, da alkawarin baya kawai za a nuna. Juyowar nan kuskure ne, an ce za a yanke ta. Ashe an bar ta.

Inna ba ta da hotonsa ko ɗaya, sai na katin ɗan ƙasa, wanda ya murtuke fuska kamar an kama shi da sata. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ba ta san inda ake taɓawa ba. Waƙar ta ƙare, fuskar ta ɓace, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta tako a hankali ta zauna bisa tabarmar takaba, dab da matar da ta ƙi amsa wa gaisuwa, ta aza mata wayar a cinya.

"Ɗiyata, maido min da shi."

Nusaiba ta maido. Ya ja guga, ya miƙa ƙwarya, ya juyo. Inna ta ce a sake. Kukanmu ya tada Hawa, ta leƙo ta kafaɗata, ta ga babanta, ta fara zillo tana miƙa hannu. Ni na kwance goyon da kaina, na sauke ta gaban uwarta, na koma ɗaki na maida kayanta inda na ɗauko su.

Da na fito, har an kira azahar, suna nan su uku kai a haɗe. Inna ta aza yatsa bisa gilashin wayar, daidai tabon, tana jiran ya juyo.