Ido a Rufe

Fitilar hoton tana ta ɗan kukanta siriri irin na sauro, tana tara wuta. Mai hoto ya zuba mata ido, don ya kasa kallon autarsa da ke tsaye a ƙofar shago.

"Baba, hoton Mama, ko guda ɗaya ne," in ji Auta. "Yarona kullum sai ya tambaye ni kamannin kakarsa. Ta rasu bai yi wayo ba."

"Na ce miki babu."

"Kai da ka ɗauki kowa a unguwar nan, har da ragon maƙwabta? Mama ce kawai babu?"

Ya ɗauke ta mana, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Marigayiyar ce ba ta iya jure walƙiyar fitilar. Ya sa ta kalli bango, ya ba ta dariya don ya shammace ta, duk a banza. Da hasken ya tashi, sai ido ya rufe ruf. Shi kuwa a kan sana'a kansa ya fi dutse tauri: hoton da aka ƙifta ido ba ya fita daga shagonsa. Yana wankewa zai yayyaga, ya bi fim ɗin da almakashi.

"Bar mini shi haka, ni ina so," takan ce.

"A ce hoton matata ma ya gagare ni? Gobe ma sake."

Gobe ta yi ta zuwa, har ta zo babu Mama. Tun daga nan abin yake cin ransa, bai taɓa gaya wa kowa ba.

"Zauna," ya ce wa Auta. "Duk cikinku ke kika ɗauko fuskarta. Sai ki nuna wa yaron hotonki."

Ta zauna, ta gyara mayafi. Ya daidaita lemar fitilar, ya jira kukan ya tsaya, ya danna. Haske ya cika shagon ya ɗauke.

Ya duba bayan kyamarar, ta zamani ce yanzu. Ga Auta, kai a ɗan karkace, murmushi bai gama fitowa ba, idanu a rufe.

"Na ƙifta ko? Yi haƙuri, Baba. Goge mu sake."

Saboda sabo, yatsansa har ya kai kan maɓallin gogewa. Ya janye shi a hankali.

"Bar shi," ya ce. "Haka mamanku take."