Matar da Aka Yi da Ɓawon Albasa

Hidaya na liƙa gutsuren madubi na ƙarshe a goshin hoton sai motar ofis ta tsaya bakin makarantar 'yan mata ta Jega, inda take koyar da zane. Malam Mu'azu ne, jami'in da ke zaɓar kayan da za a kai baje kolin ayyukan mata a Maiyama, na farko tun da aka yanke Jihar Kebbi.

Wata uku ta yi tana aikin. Mace ce doguwa a kan allon katako: fatarta jan ɓawon albasar Aliero, zaninta ƙyallayen atamfa, hannuwanta shida, kowanne da abin da ya riƙe, har da lauje, muciya, ƙwaryar nono da jariri.

Mu'azu ya ja da baya.

"Malama, mace da hannu shida? Cewa za a yi gunki munka kawo. Ba ta zuwa."

"Ranka ya daɗe, hoto ne. Aikin matanmu na nuna."

"Na gama magana."

Hidaya ta kira ɗalibanta suka ɗauki allon, suka jingina shi da katanga a bakin titi. Ranar kasuwa ce, mata na ta wucewa.

Kande mai nono ce ta fara tsayawa. Ta sauke ƙwaryarta ta matso.

"Kai! Wanga ai zanena ne da ya yage bara!"

"Ke kinka ba ni, Inna."

Wata tsohuwa daga Danwarai ta gane kallabinta, wata ta gane murjaninta. Kafin a jima mata sun kai talatin, ana nuni ana guɗa.

Da Kande ta ji ba za a kai hoton Maiyama ba, sai ta juya ga Mu'azu. "Ɗana, mi ya hana ta tafiya?"

"Hannuwan sun yi yawa, Inna."

"Yawa? Tambayi uwarka ko biyu sun taɓa isarta."

Dariya ta ɓarke. Mu'azu ya cire hula ya sosa kai, ya daɗe yana kallon hannun da ke riƙe da muciya.

Matan da kansu suka ɗora allon a bayan motar. Hidaya ta shiga gaba. Da direba ya ce hanya da gargada, sai an sami mai riƙewa, Mu'azu ya naɗe babbar rigarsa ya hau baya. Har Maiyama bai saki allon ba.