Tambaya ta Huɗu

Rigar karramawar tana rataye a bayan ƙofar ofis, ta sha guga sai ƙyalli take yi. Auta ce ta goge ta, ita ta kawo ta, yanzu kuma tana tsaye tana karanta katin gayyata da ƙarfi don ta tsokani yayarta.

"'Farfesar da tambayoyinta goma sha biyu suka shiga asibitoci da kotuna.' Kai, Yaya! Ke da ko ƙwai ba ki iya soyawa ba?"

Farfesa ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Muryar Auta a dishe take.

"Mura ce," in ji Auta, tun kafin a tambaye ta.

Shekaru ashirin da suka wuce Farfesa ma'aikaciyar jinya ce, irin waɗanda ke duba matan da aka ci zarafinsu, su rubuta abin da suka gani saboda kotu. A nan ta lura da masu zuwa ba tabo a jiki, sai disasshiyar murya da yawan mantuwa. Ta bi diddigin abin har ɗakin binciken ƙwaƙwalwa, ta nuna ɓarnar da shaƙewa ke yi ko da wuya bai nuna komai ba. Yau likitoci da lauyoyi na kafa hujja da aikinta, ɗaliban jinya na haddace tambayoyinta.

"Ƙarfe nawa za a fara taron?" Auta ta tambaya.

Karo na uku ke nan da ta yi wannan tambayar. Ga kuma mayafi naɗe a wuya, alhali fanka na ta juyi.

Hannun Farfesa ya riga tunaninta. Ta kama haɓar ƙanwarta, ta juya fuskar wajen taga, ta ja fatar idon ƙasa da babban yatsa. Ga su nan: jajayen ɗigo ƙanana, kamar an tsattsaga da bakin allura.

"Shin wani ya taɓa matse miki wuya har numfashinki ya ɗauke?"

Auta ta cire hannun daga fuskarta a hankali.

"Tambaya ta huɗu," ta ce. "Ni na buga miki ita a kwamfuta, Yaya, lokacin da kike fama da yatsa biyu. Har da 'shin' ɗinki."

Magana zarar bunu. A shafin farko na littafinta Farfesa ta rubuta cewa kada a taɓa mace sai da izininta, kada kuma a fara da tambaya ta huɗu. Ta kayar da ɗalibai a jarrabawa a kan wannan.

"Auta, ba haka nake nufi ba. Zauna."

"In zauna ki cike min takarda? Mace ta nawa zan zama a littafin?"

"Don Allah ki zauna. Ki kwana biyu a wurina, ke da yaran."

"Mura ce na ce miki."

Daga ƙasa aka danna hon, sau biyu, gajeru. Kafaɗun Auta suka ɗaga kafin ta saita su. Ta gyara mayafin, ta yi murmushin da ta saba yi tun tana ƙarama idan ta fasa kofi.

"Baban yara na jira. Ki tsaya kyam a hoto, ban da ƙanƙance ido."

Ta fita. Sai da takunta ya ɓace Farfesa ta ga jakar Auta a kan kujera. Dole ta dawo ɗaukarta. Ta jawo aljihun tebur, ta ɗauko katin wani gida da ke ba matan da ake cin zarafinsu mafaka, ta buɗe jakar. Sai hannunta ya tsaya. Babi na shida, shi ma ita ta rubuta shi: kada a saka wa mace takarda a jaka, ba ita kaɗai ke buɗewa ba.

Aka ƙwanƙwasa. Mijin Auta ne, fes da shi, yana ƙamshin turare. Ya rusuna.

"Yaya Farfesa, Allah ya ƙara ɗaukaka. Ƙanwar taki ta bar jaka. Kin san ta da mantuwa kwanan nan."

Ta dubi hannayensa. Farce a yanke, zobe a ƙaramin yatsa. Ta san duk kalmar da ta faɗa masa, a can gida za a biya ta, kuma ba ita za ta biya ba. Ta miƙa masa jakar.

"Na gode," ya ce. "Mu dai muna alfahari da ke."

Bayan ya tafi sakatariya ta leƙo. "Ranki ya daɗe, zaure ya cika, ke ake jira."

Farfesa ta mayar da katin cikin aljihun tebur. Ta sauke rigar daga ƙugiya, ta zura hannun dama. Hannun rigar na hagu, wanda ke jingine da ƙofa, a yamutse yake tun daga kafaɗa. Auta ta manta ba ta goge shi ba.

Ta sa tafin hannu tana shafa shi, tana shafawa, bai miƙe ba.