Shatin Kofin Baba

Ma'aikacin ɗakin adana takardu ya dire fayil ɗin a gabanta, ya kwance zaren da aka ɗaure shi da shi.

"Ga shi, Mama. A bi a hankali dai, takardun sun tsufa."

"Ni ma na tsufa, ɗana, ba wanda ya bi ni a hankali," in ji Auta.

Har yau Auta ake kiranta, ko da yake ta ba saba'in baya. Mahaifinta ne shugaban ƙasar na farko, malamin makarantar da ya yi ta zaga ƙauyuka a kan keke har aka samu 'yanci. Amma magana ɗaya ta bi shi har kabari: wai shi ya sa hannu aka tsare amininsa, jagoran 'yan adawa, wanda ya rasu a kurkuku. Tun daga lokacin 'yar mamacin, ƙawar Auta da suka tashi suna ci a kwano ɗaya, ba ta ƙara ko kallon inda take ba. Baba bai taɓa kare kansa ba, ita kuma ta kasa tambayarsa. Sai bana aka buɗe takardun.

Ta goge tabarau har sau biyu, alhali ba abin da ya same shi, sannan ta buɗe.

Ga umarnin tsarewar, ga sunan aminin Baba. Ta sauke ido ƙasa, inda aka buga sunan mahaifinta. Wurin sa hannun wayam. Sai shatin gindin kofi guda uku, ruwan ƙasa, suna hawa kan juna.

"Ki yi haƙuri da wannan dattin," in ji ma'aikacin. "Mutanen da ba su san darajar takarda ba."

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na biye. Baba mutum ne da bai iya cewa a'a a idon mutum ba. Takardar da ba zai sa wa hannu ba, sai ya ɗora mata kofin shayinsa, ya shiga hirar noma har mai ita ya gaji ya tattara ya tafi. Kowa a gidan ya san haka. Ita kanta takardar neman izininta na tafiya yawon makaranta ta sha kofi.

"Sau uku suka kawo masa," ta ce a hankali.

A shafi na gaba akwai wani kwafin, da sa hannun ministan cikin gida, a makon da Baba ya yi tafiya waje. Da ya dawo bai soke shi ba. Wannan ma ta gani, ba ta ɓoye wa kanta ba. Amma nauyin da ta ɗauka shekara hamsin ya sauka, har ta ji yunwa.

"Za ka iya yi min kwafi?"

"Sosai, Mama. Injinmu ma yana iya goge dattin, ta fito fes."

"Kada ka soma. Ka bar shi ya fito raɗau, kuma guda biyu nake so."

"Ɗayan na wa?"

Ta mayar da tabarau cikin jaka.

"Na wata ne da ta san kofin nan. Mahaifinta ne ya saya wa Babana shi."