Kubura Ta Riga Ta Karɓa

Ina zuba ruwa, Saude mai wankan gawa tana cuɗa hannun Inna a hankali, yatsa bayan yatsa. Da ta zo kan babban yatsan dama sai butar ta kuɓuce mini.

"Riƙe da kyau, Umma," in ji Saude. "Kakarki ba ta son aikin sakaci, kin sani."

Na sani mana. Shekara tamanin Inna ta yi a ƙauyenmu na ƙasar Bakura, ba ta taɓa shuka layi a karkace ba. Sunanta Kubura, ni ma Kubura. Sunanta aka sa mini, kuma tun da Baba Sallau ba zai iya kiran sunan mahaifiyarsa ba, sai aka laƙaba mini Umma. Ita kuwa takwara take ce mini, har ta mutu.

Tana da gayauna a bakin fadama, 'yar gonar da kakanmu ya yanka mata ita kaɗai tun tana amarya. Kuɓewa take shukawa da albasa. Da ita ta ciyar da 'ya'ya biyar bayan rasuwarsa, da ita ta yi wa Baba aure.

* * *

Shekarar da aikin dam ɗin Bakolori ya iso mu, motocin ture ƙasa suka baje fadamar kamar faifai. Tsamiyar da ke kan iyakar Inna ta tafi, gambar da ta raba ta da maƙwabta ta tafi. Aka ce a yi haƙuri, in an gama haƙa magudanai kowa zai samu filinsa. Aka rubuta sunaye, har da nata.

Damina uku tana jira. Wata safiya, ina da shekara goma sha bakwai, Baba ya ce in sa mayafi in raka shi Talata Mafara.

"Ƙafar Inna ba ta iya tahiya," ya ce. "Ke za ki amso mata hilinta. In an kira suna, ki amsa."

A ofishin rabon filaye, malamin rabo bai ko ɗaga kai ba. "Kubura!" Na amsa, ai sunana ne. Ya kama yatsana ya danna a tawada, ya danna a takarda biyu. Wani mai babbar riga, Alhaji Jafaru ɗan kasuwa, ya ninke ta biyun ya sa aljihu. Baba ya saya mini ƙosai a tasha, ya ce kada in faɗa wa Inna, yana so ya yi mata albishir da kansa.

Da yamma Inna ta kira ni in tsefe mata kai. Ta kama hannuna ta daɗe tana dubawa.

"Takwara, hannun budurwa haka ba lalle? Kawo nan."

Ta kwaɓa lalle ta ƙunsa mini, har kan babban yatsan. Na ji daɗi, wauta ta sa na ji daɗi.

Albishir bai zo ba. Inna ta fara bin motar kasuwa zuwa ofishin Mafara duk ranar Talata, da ƙafar da aka ce ba ta tafiya. Ta dawo da ƙura har gwiwa.

"Sun ce Kubura ta riga ta karɓa," take cewa, tana kallon Baba. Shi kuma ya ce, "Sai haƙuri, Inna, aikin gwamnati ne."

A nan na gane abin da aka yi da ni: da sunana da yatsana Baba ya sayar wa Alhaji Jafaru filin Inna. Na tsani Baba ranar, kuma ban daina ba. Amma ban buɗe baki ba. Tsoronsa nake ji, kuma na fi tsoron idonta. Aka yi mini aure a Dakko, na tafi da abin a raina, ita kuma ta ci gaba da cewa ba za ta mutu ba sai ta ci miyar albasar gonarta.

* * *

Da muka gama naɗe ta a likkafani, Saude ta riƙe ni a bakin ƙofa.

"Ta bar miki saƙo. Ta ce in gaya miki tawadar nan ba ki da laihinta. Don haka ta ruhe miki ita, kada mata su gani su yi ta magana."

"Ta sani?"

"Tun ran nan. Zuwanta Mafara, jira take ɗanta ya ji kunya ya faɗa da bakinshi. Shekara biyu tana jira."

Ban yi kuka ba sai da maza suka ɗauke ta.

Ranar sadakar uku, Baba yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, Alhaji Jafaru a gefensa. Alhajin bai zo hannu sake ba. Ya kawo kwandon albasa, manya jajaye, irin da ƙasar bakin fadama kaɗai ke bayarwa, albasar filin Inna.

"Umma," Baba ya leƙo zaure, "shiga da wannan a sa a miyar sadaka."

Na ɗauka na kai madafa. Mata suka ba ni wuƙa, suka ce ni ce takwararta, ni zan fara yankawa.